Amsar Kawu Kan Tsawar Maigida

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce maigidanka a Kantin Kwari ya yi maka tsawa a gaban masu ciniki saboda turmin atamfa biyu da suka yi ɓatan dabo, alhali ba kai ka karɓi kayan ba. Kana tambaya ko al'adarmu ta ce yaro ya haɗiye komai don kawai mai faɗan ya girme shi.

A'a. Abin da iyayenmu suka hana shi ne mayar da magana nan take a bainar jama'a. Da zarar ka ɗaga murya a gaban baƙi, ko kai ke da gaskiya, zancen atamfa ya mutu, sai a koma kan rashin kunyarka. Amma ba su ce ka bar abin ya ci ka a rai ba, hanya suka yi masa. Ka bari a tashi kasuwa, ka same shi shi kaɗai, ka gaishe shi, sannan ka buɗe littafin shigar kaya ka nuna masa ranar da hannun wanda ya karɓa. In ya ƙi saurara, sai a koma wurin wanda ya kai ka shagon tun farko. Aikinsa ke nan, kuma sa'ansa ne, zai iya gaya masa cewa babba ma akwai kunya a kansa, tozarta yaro a gaban mutane abin zargi ne.

Ni sai da na ji a jikina. A 1984 ina aiki a wata masaƙa a Kakuri, Kaduna, heluma ya zage ni har da ambaton uwata. Na yi jifa da sifana na fice. Mako biyu aka dakatar da ni ba albashi, shi kuwa ko tambayarsa ba a yi ba, don kowa jifan ya gani. (Mahaifiyarka ba ta san wannan labari ba har yau, ka bar shi nan.)

Ka san wani ya nemi Annabi (SAW) ya yi masa wasiyya, ya ce masa "kada ka yi fushi", ya kuma yi ta maimaita masa. Ya kuma koyar da cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna. A shago wannan ba wuya: ɗauki buta ka ce za ka yi alwala, kafin ka dawo bakinka ya huce.

Ka same shi gobe bayan la'asar. Yadda kuka yi ka sanar da ni, kafin in kira Alhajin da ya haɗa ku.