Muryar Yaya a zauren tsofaffin ɗalibai kan kuɗin ta'aziyyar Malam

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri, murya zan yi, idona ba ya jure rubutun waya. Ma'aji ya tambaya me za a yi da kuɗin da muka haɗa. Na ji masu cewa a buga kalanda da hoton Malam, na ji masu cewa a kai sanarwa gidan rediyo. To ga nawa ra'ayin.

Da farko dai, Allah ya jiƙan Malam, ya sa doguwar jinyar nan ta zame masa kaffara.

Ku ƙannenmu da kuka same shi yana hedimasta, da furfura da babbar riga, ba ku ga farkonsa ba. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta kawo UPE, firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi yawa, azuzuwa suka kasa, mu a gindin darbejiya aka zaunar da mu. Shi kuwa lokacin bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba. Kuma kar ku ɗauka iyayenmu murna suka yi. Mai unguwa ya rubuta sunan yaro, uban ya tura shi gona tun asuba, wani ma a rumbu ake ɓoye shi. Sai Malam ya hau kekensa bayan la'asar, zaure zaure. Ba ya jayayya da dattijo, ko kusa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya sa a kira yaron, ya tambaye shi inda allonsa ya tsaya, ya biya masa surar da ka. Sannan ya ce, Baba, a ba ni shi da safe, yamma da dare na alaramma ne. Da haka ya samo da yawanmu, har da mata. Hajiya, ke shaida ce, tiren talla na kanki ya je gidanku.

Dorina kam yana da ita, masu makara sun sani.

Ya cika shekara 35 yana aiki ya yi ritaya. Dokar da ta ƙara wa malamai zuwa shekara 40 ta aiki sai 2022 ta zo, ba ta same shi ba. Fanshon nan kuwa ko maganin hawan jini na wata ba ya ɗauka. Da ɓarin jikinsa ya shanye, a kwance ake ɗaukarsa a adaidaita sahu zuwa tantancewar 'yan fansho, don a ga yana raye. Matarsa Inna ce ta yi wahalar: juyawa, wanka, ba da abinci a baki, shekara da shekaru.

Saboda haka ni ban ga amfanin kalanda ba, wallahi. Babban ɗansa ya shaida mini akwai bashi a kemis ɗin bakin kasuwa, da na mai gashin ƙashi da ke zuwa gida. Bashin mamaci shi ake fara saukewa, ko gado ba a rabawa sai an biya. A fara da shi. Abin da ya saura a sayi hatsi da mai a kai wa Inna, tana takaba wata huɗu da kwana goma, ba fita za ta yi ba. Autarsu kuma bana za ta rubuta jarrabawar kammala sakandare ta NECO, a tambayi kuɗin rajista.

Ma'aji, ka kira ɗan nasa yau ka karɓi lissafin bashin. Jumma'a bayan an sauko masallaci sai mu je, mata su shiga ciki wajen Inna. Wanda ke da mota ya yi magana. Wassalamu alaikum.