Me za mu gani a sama cikin Nuwamba?

Tambaya: Malam, yarana sun dame ni da zancen taurari. Me za mu kalla a wannan wata ba tare da na'ura ba? Daga wani mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Malam, fara da Kaza da ƴaƴanta. Bayan magariba ka fuskanci gabas, za ka ganta cure wuri ɗaya, ido mai lafiya yakan ƙirga shida ko bakwai. Da tsakar dare tana kusan saman kai. Wajen ƙarfe 9 taurari uku a jere za su fito daga gabas. Ka bi layinsu ƙasa, can wajen ƙarfe 10 Sirius zai bayyana, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare.

Daren 17 zuwa 18 ga Nuwamba ne faɗuwar taurari ta Leonid. Ba taurari ba ne na gaske, ƙurar tauraro mai wutsiya Tempel-Tuttle ce ke ƙonewa a iska, da gudun kilomita 71 a daƙiƙa. Kada a sa rai da yawa: 10 zuwa 15 a awa, kuma sai daga ƙarfe 2 zuwa asuba. Ta Geminid, 13 zuwa 14 ga Disamba, ta fi ta armashi.

Hazon hunturu ke ɓata kallo, domin yana rufe gefen sama, don haka ka dubi sama sosai. Ku fita bayan gari, ta hanyar Mirriya misali, da tabarma da bargo. Ku ba ido minti 20 ya saba da duhu, a ajiye waya. In farin wata ne, ƙananan duk sun ɓace.