Baki biyu ne, ko karin harshe?

Wani matashi mai rubuta manhaja daga Tarauni ya aiko da tambaya: "Malam, ina haɗa manhajar tura fayil ta hanyar FTP, wato ƙa'idar tura fayil tsakanin kwamfutoci. In an gama turawa, wata sabar, wato kwamfutar da ke karɓar fayil ɗin, ta amsa da 226, wata da 250. Daidai ne in ce sabar tana da baki biyu?"

A'a ɗana, ka yi mata ƙazafi. Baki biyu halin mutum ɗaya ne: ya gaya maka magana, ya juya ya gaya wa wani kishiyarta. Akwai zargin munafunci a ciki, shi ya sa ba a faɗa wa babba haka ido da ido. Naka kuwa masu magana ne biyu, nufinsu ɗaya, wato karin harshe. Bakano ya ce "yana zuwa", Basakkwace ya ce "shina zuwa", kuma ban taɓa jin ɗan kasuwar Kurmi ya fasa ciniki a kan haka ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Kundin da ya shimfiɗa ƙa'idar, RFC 959, wanda Jon Postel da Joyce Reynolds suka fitar a 1985, ya yarda da amsoshin nan duka biyun. Hukuncin yana lambar farko cikin lambobi ukun amsar: 1 an fara, a dakata, 2 an gama lafiya, 3 ana jiran ƙarin bayani, 4 a sake gwadawa an jima, 5 an ƙi. Ita manhajarka za ta kasa wa kunne. Rubutun da ke bin lambar don mutane aka yi shi, kowace sabar da irin lafazinta. Inda karin harshen ya fi kauri ma shi ne jerin fayiloli, don kundin bai tsara yadda amsar LIST, umarnin neman jerin, za ta kasance ba. Wata ta jero su salon Unix, wata salon DOS. Sai a 2007 RFC 3659 ya zo da umarnin MLSD mai jera fayiloli da tsari ɗaya.

To amma in sabar guda ta ce 226, ka duba ka tarar fayil ya iso guntu, nan Hausa tana da suna: tufka da warwara. Tufka ita ce murza rama ko kaba a yi igiya, warwara kuma kwance ta. Hannu ɗaya ne ya yi duka biyun, kuma wannan ne sharaɗin. A nan sai ka tambayi sabar girman fayil da umarnin SIZE ka gwada da abin da ke hannunka.

Wata ɗaliba daga Jami'ar Bayero kuma ta ce, "sabar" za ta rubuta ko "uwar garke"? 'Yata, uwar garke ta fi daɗin ji, ni ma ita nake so. Sai dai ki je kasuwar waya ta Farm Centre ki ce uwar garke ta faɗi, za a tambaye ki ta wane Bafulatani.