Filin Tambaya da Amsa: Koyar da Labarin Ƙasa a Ajin da Babu Kayan Aiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren jeka-ka-dawo a cikin garin Jos, shekarata biyu ke nan da fara aiki. Ɗalibaina sun haura 70 a aji guda. Abin da muka mallaka taswirar duniya ce ƙwaya ɗaya, ita ma ta yage ta gefe, babu majigi, babu komai. Yaran suna haddace abin da na rubuta a allo, amma da an zo karatun taswira sai ido ya raina fata. Ina mafita? Daga wata malama, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara ƙarfin gwiwa. Na daɗe ina riƙe da alli a garin nan kafin in ajiye, kuma wannan kukan na yi shi da bakina. Abin da na gane daga baya shi ne, malamin labarin ƙasa da Allah ya ajiye a Jos ya fi takwarorinsa na wurare da yawa gata. Abin da wasu ke nuna wa yara a hoto, ke taga kawai za ki buɗe.

Ki fara da tambayar da kowane yaro ya san amsarta a jikinsa: me ya sa muke sa rigar sanyi alhali 'yan'uwanmu na Abuja suna neman fanka? Ki bar su su yi ta gardama tukuna. Sannan ki gaya musu garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, ƙololuwar Dutsen Shere kuwa ta kai wajen mita 1,829. Duk hawan mita 1,000, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6.5. Wanda ya taɓa biyo hanyar Akwanga ya san yadda kunne ke toshewa a Hawan Kibo, ya kuma san inda iska ke sauyawa. Daga nan darasin noma ya zo da kansa, domin sanyin ne ya sa dankalin Turawa ke yi a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, shi ya cika kasuwar Farin Gada da kabeji da karas da latas. Ki tura su Farin Gada ranar Asabar, kowa ya tambayi mai kaya uku daga ina kayan suka fito, ina kuma motocin za su nufa. Ranar Litinin ku zana amsoshin a allo da kibiyoyi, kin gama babin kasuwanci da sufuri.

Rafin Dilimi da ya ratsa garin nan, yaranmu sun ɗauke shi wurin wanki da zubar da shara kawai. Ki ce musu ruwan nan yana gangarawa ya shiga Kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja, su zama Komadugu Yobe, har Tafkin Chadi. Amma ruwan da ya sauka a wani ɓangaren tudun nan Kogin Kaduna yake bi zuwa Kogin Kwara, wani kuma Gongola ke ɗaukarsa ya kai shi Binuwai a Numan. Hadari ɗaya, wani ruwan ya ƙare a tafki a bakin hamada, wani a teku. Na ga yara sun yi tsit a kan wannan magana fiye da kowace. Kuma tunda daga Unguwar Rogo kika rubuto, wasu cikin iyayen ɗalibanki ba su manta ambaliyar watan Yulin 2012 ba, wadda ta ci rayuka a Rikkos da Gangare da maƙwabtansu. Ki taɓa batun da tausasawa, domin akwai gidajen da aka yi rashi, amma kada ki tsallake shi. Nan ne yaro zai fahimci illar gini a hanyar ruwa da toshe magudana.

Yanzu karatun taswira, wanda shi ne ainihin ciwon. Tambaya ce ta dole a jarrabawar WAEC, kuma inda yara suka fi faɗuwa shi ne layukan kwanto, wato layukan nan masu haɗa wuraren da tsayinsu ya zo ɗaya. Bayani da baki ba ya shigar da su. Ki samo babban dankali, ki raba shi biyu, ki kife rabi a kan takarda, ga tudu ya samu. Ki zagaye gindinsa da biro. Ki yanke falle ɗaya daga ƙasa mai kaurin santimita ɗaya, ki mayar da sauran a tsakiyar zanen, ki sake zagayewa. Haka har ya ƙare. Abin da zai fito a takarda zobba ne a cikin zobba, kuma yaran da kansu za su lura cewa gefen da dankalin ya yi tsaye layukan sun matsu, gefen da ya kwanta sun ware. Da aji mai mutum 70, ki kasa su rukuni goma, kowane rukuni da dankalinsa, amma ke za ki riƙe wuƙa. In kin fi so, ki sa dutse a roba, ki riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan kina zana iyakar ruwan da alli a jikin dutsen, sai su leƙo ta sama.

Sikeli, wato ma'aunin tazara a taswira, shi ma haka. A taswirar 1:50,000, santimita 2 kilomita 1 ce a ƙasa. Kafin su taɓa wannan lissafin, su auna harabar makaranta da igiya mai ƙulli a kowace mita, su zana ta a takarda, ga ofis, ga rijiya, ga masallaci, da kibiyar arewa. Hanya mai lanƙwasa kuwa da zare ake bin ta, sannan a miƙe zaren a kan rula. Taswirar da ta ƙunshi Jos ita ce mai suna Naraguta, lamba 168. Ki nemi kwafinta a sashen labarin ƙasa na Jami'ar Jos ko ofishin safiyo na jiha, ki kuma tara tsofaffin takardun jarrabawa domin taswirorin da ke cikinsu. Yaro in ya ga sunan unguwarsu a taswira, ba sai kin roƙe shi ya duba ba.

Ma'aunin ruwan sama ba sai an saya ba. Gorar roba mai miƙaƙƙen jiki, a yanke samanta a kifa shi ya zama mazurari, a daidaita gindin da ɗan siminti, a manna rula, a kafa a fili nesa da bishiya da indararo. Yara biyu su riƙa dubawa kullum da safe a lokaci guda, daga Afrilu zuwa Oktoba. Jos na samun wajen milimita 1,400 a shekara, sai su gwada nasu da wannan, su zana jadawali da alƙalumman da suka tara da hannunsu.

Sai kududdufan kuza na wajen Rayfield da Bukuru. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a nan, saboda ita aka jawo layin dogo daga Zariya a 1914, saboda ita kamfanin NESCO ya kafa tashar lantarki a Kurra. Kuzar daga jikin duwatsun nan ta fito, ruwa ya wanke ta ya tara a kwaruruka, shi ya sa aka bi ta can aka bar mana ramuka da tsibin jar ƙasa. Yau da ruwan ramukan ake noman rani. A tsayuwa ɗaya kin samu duwatsu, da ma'adinai, da zaizayar ƙasa, da dalilin kafuwar gari. Amma ina roƙonki da babbar murya: ramukan nan suna da zurfi, bakinsu yana zaftarewa, sun ci yara da yawa. Na taɓa kai ɗalibai, ƙasa ta goce da wani yaro, Allah ya sa abokinsa ya cafke rigarsa. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Ki nemi izinin firinsifal da na iyaye a rubuce, ki tafi da malamai maza biyu, ku tsaya nesa, ki kuma bincika lafiyar hanya kafin ranar. In fita ba za ta yiwu ba, Google Earth a wayarki ya isa, ramukan suna fitowa sarai, rukuni-rukuni su zo su gani.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne ɗan SS2. Lissafin lonjitud da lokaci yana ruɗa ni, ban san inda ake ƙarawa da inda ake ragewa ba. Daga wani ɗalibi, Bukuru.

AMSA: Yaro na, ka san amsar tun kana ƙarami, ba a dai haɗa maka ba ne. Da azumi wa ke riga shan ruwa, mutanen Maiduguri ko na Sakkwato? Na Maiduguri, domin suna gabas. Duniya tana juyawa digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a awa ɗaya, digiri ɗaya kuma minti 4. A lonjitud, wato layukan taswira masu nuna nisan wuri gabas ko yamma, Maiduguri na wajen digiri 13 gabas, Sakkwato wajen 5. Bambancin 8, ka ninka da 4, minti 32 ke nan, kusan rabin awar da ake gani a jadawalin salla. Saboda haka in ka nufi gabas ƙarawa za ka yi, in yamma ka rage. Agogonmu duka ɗaya ne saboda Najeriya ta ɗauki lokacin layin digiri 15 gabas, Saudiyya kuwa na digiri 45. Digiri 30 ke tsakani, awa 2, shi ya sa in alhaji ya bugo waya daga Makka da ƙarfe 9 na dare, agogonka ke nuna 7. Jos tana wajen digiri 9 gabas. Ka lissafa tazararmu da Maiduguri, ka aiko mini da amsa a mako mai zuwa.