Tambaya da Amsa: Idan Ɗan Sanda Ya Tsayar da Mota

TAMBAYA: Malam, wani dare ina dawowa daga aiki 'yan sanda suka ɗaga mini hannu na tsaya. Da na hango ɗayansu yana tahowa, sai na sunkuya na buɗe aljihun gaban mota domin in ciro takardu kafin ya iso. Ban ankara ba sai na ji ya daka mini tsawa, ina ɗago kai na ga hannunsa a kan bindiga. Shin laifi na yi? Kuma da ya harbe ni, doka za ta wanke shi?

AMSA: Malam, barka da arziki. Ba ka karya doka ba, amma ka yi abin da ya fi tayar wa ɗan sanda hankali a bakin hanya. Ka duba lamarin daga inda yake tsaye: yana tunkarar mota cikin duhu, bai san ko wane ne a ciki ba, sai ya ga kan direba ya ɓace, kafaɗa ta karkata, hannu ya shige inda ido ba ya kai. Kai ka san lasisi kake nema, shi kuwa an horar da shi cewa daga hannu haɗari yake fitowa.

Idan an sake tsayar da kai, ka sa sigina, ka gangara gefen hanya, ka kashe mota, ka kunna fitilar ciki idan dare ne, ka sauke gilashi, ka ɗora hannuwanka biyu a kan sitiyari, ka jira ya iso. Idan ya nemi takardu, ka fara faɗa masa inda suke, misali ka ce, "Ofisa, suna cikin aljihun gaba, zan buɗe," sannan ka miƙa hannu a hankali. Kada ka fito daga mota sai an ce ka fito, idan kuma an ce ka fito, ka fito. A Amurka, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗan sanda ikon fitar da direba daga mota a 1977, ta haɗa da fasinja a 1997.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma akwai ma'aunin da duniya ta amince da shi. A 1979 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙa'idojin aikin jami'an tsaro, waɗanda suka ce ba a amfani da ƙarfi sai ya zama dole, kuma gwargwadon abin da aikin yake buƙata. A 1990, a wani taron Majalisar da aka yi a birnin Havana na ƙasar Kuba, aka fayyace batun bindiga: jami'i zai fara gwada hanyoyin lalama, zai yi gargaɗi a fili idan hali ya yi, kuma ba zai yi harbin kisa da gangan ba sai idan babu wata hanya ta kare rai. Idan ya jikkata mutum, wajibi ne ya nema masa magani da gaggawa. Waɗannan ƙa'idoji ba yarjejeniya ba ce da ta zama tilas a kan ƙasashe, amma da su ake auna dokokin cikin gida. Bisa wannan ma'auni, sunkuyawa kaɗai ba ta halatta harbi ba. Sai dai abin da yake faruwa a kotu wani abu ne dabam. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1989, a can ana auna ɗan sanda ne da abin da jami'i mai hankali zai ɗauka a daidai wannan lokacin, ba da abin da aka gano daga baya ba, kuma ta wannan ƙofa jami'ai da dama suka kuɓuta da hujjar cewa sun ji tsoron rasa ransu.

TAMBAYA: Malam, ni da maigidana muna yawan gardama. Shi ya ce duk wanda 'yan sanda suka daka ko suka harba a hanya, taurin kansa ne ya jawo masa. Ni kuma ban yarda ba. Wa ya fi gaskiya?

AMSA: Hajiya, a ganina kin fi shi kusa da gaskiya, ko da yake maganarsa ba ta rasa tushe ba. Gudu da mota, kokawa da jami'i, da fizge hannu lokacin da ake sa ankwa, duka suna mayar da ƙaramar magana babba cikin ƙiftawar ido. Inda ya kauce shi ne kalmar "duk".

Ki ba shi labarin Philando Castile. A ranar 6 ga Yuli, 2016, ɗan sanda ya tsayar da shi a jihar Minnesota ta Amurka, ya ce masa fitilar birki ta lalace. Castile yana da lasisin riƙe bindiga, kuma shi da bakinsa, cikin natsuwa, ya sanar da jami'in cewa akwai bindiga tare da shi. Jami'in ya ce kada ya ciro ta, ya amsa cewa ba ciro ta yake yi ba, amma cikin 'yan daƙiƙoƙi jami'in ya yi harbi sau 7, alhali akwai yarinya 'yar shekara 4 a kujerar baya. Castile ya rasu, kuma a 2017 aka wanke jami'in a kotu. A wannan jihar dai, a 2021, wata jami'a ta zaro bindiga a maimakon na'urar lantarki mai sandarar da jiki, ta kashe Daunte Wright. Gaskiya ne ya yi yunƙurin komawa cikin mota lokacin da ake ƙoƙarin kama shi, amma hakan bai hana kotu samun ta da laifin kisa ba da gangan ba.

Dalilin da ya sa ban yarda a raba nauyin daidai ba shi ne, mutanen biyu ba ɗaya suke ba. Ɗaya yana da makami, da horo, da albashi, da ikon hukuma, ɗayan kuwa ana iya samunsa a firgice, ko kurma ne, ko ba ya jin harshen da ake ba shi umarni da shi, ko kuma jami'ai biyu suna yi masa tsawa lokaci guda, wannan yana cewa kada ya motsa, wancan yana cewa ya fito. Ɗaga murya da baƙar magana rashin ladabi ne, kuma ban ba kowa shawarar yin su ba, amma ba sa halatta mari, balle kulki, balle harsashi. Shawarar da muke ba direba ta ya kwantar da kai dabara ce ta tsira da rai, ba ta ɗauke wa jami'i alhakinsa ba.

Wanda aka zalunta kada ya nemi hakkinsa a bakin titi, domin a nan ba shi da alƙali. Ya riƙe suna ko lambar jami'in, da lambar motarsu, da lokaci da wurin, ya nemi shaidu, ya je asibiti a rubuta raunin da ya ji tun bai warke ba, sannan ya kai ƙara ta hannun lauya ko hukumar da ke sauraron koke kan 'yan sanda.

TAMBAYA: Malam, ya halatta in ɗauki bidiyo da waya idan an tsayar da ni?

AMSA: A ƙasashe da yawa ya halatta, matuƙar ba ka hana jami'i aikinsa ba, amma ka bincika dokar inda kake. Amfaninsa kuwa a bayyane yake. A ranar 27 ga Yuni, 2023, ɗan sanda ya harbe Nahel Merzouk, matashi ɗan shekara 17, a Nanterre kusa da birnin Paris. Bayanin farko daga ɓangaren 'yan sanda ya nuna cewa motar ta nufo su ne, sai bidiyon da aka ɗauka daga gefe ya nuna jami'an suna tsaye a jikin tagar direba lokacin da motar ta ja. Wannan bidiyo ne ya sauya alkiblar binciken.

Sai dai kada ka maimaita kuskuren mai tambaya ta farko wajen laluben waya a aljihu yayin da jami'i yake tahowa, domin baƙin abu a hannu cikin duhu yana iya kama da makami. Ka kunna ta tun kafin ya iso, ka ajiye ta a gaban mota inda zai gan ta, ka sanar da shi cewa tana ɗauka, ko kuma ka bar wa fasinja wannan aikin, hannuwanka kuma su ci gaba da zama a kan sitiyari.