Sikanar fim: sauri ko mahaɗin kwamfuta, wanne za a fara dubawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana akwatuna cike da dodon hoto na fim mai milimita 35 daga shagonsa, kuma ina so in mayar da su cikin kwamfuta kafin danshin damina ya cinye su. An yi mini tayin sikana biyu na hannu, Nikon Coolscan 4000 da Coolscan V, ga kuma sabuwar Plustek 8200i. Wacce ta fi sauri? Daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya gafarta wa Baba. Kafin maganar sauri, ka fara duba jikin kwamfutarka, domin Coolscan 4000 da FireWire take aiki, mahaɗin da ya ɓace daga kwamfutocin yanzu, kuma idan ta hannu ce gare ka, neman hanyar jona su wahala ce da ban so maka ba. Coolscan V da Plustek kuwa USB 2.0 ne, wanda ke ɗaukar megabit 480 a daƙiƙa, alhali FireWire na ɗaukar 400. Wannan bambancin ba zai hanzarta maka komai ba, tun da injin da ke bin fim layi-layi shi ne mai nawa, ba waya ba. Wanda za ka guje wa shi ne USB 1.1 na Coolscan IV, mai megabit 12 kacal.

A lissafin kamfanin Nikon, 4000 da V duk suna ɗaukar kimanin daƙiƙa 38 a kan hoto ɗaya, yayin da 'yar'uwarsu Coolscan 5000 ke gamawa a daƙiƙa 20. Sai dai da zarar ka kunna Digital ICE, dabarar da ke goge tabon ƙura daga hoton, lokacin zai ƙaru sosai, kuma fim ɗin da ya sha hunturu shekara da shekaru ba ya rasa ƙura. Ka sani cewa wannan dabarar ba ta aiki a kan fim baƙi da fari na gargajiya.

Inda lokaci ke tafiya da gaske shi ne ɗura fim. Coolscan V tana jan yanki mai hoto 6 da kanta, amma Plustek sai ka tura kowane hoto da hannunka, abin da zai gajiyar da mai akwatuna. Ni dai V zan zaɓa maka, da sharaɗin a gwada ta a gabanka da VueScan, manhajar da ke sarrafa sikana, domin Nikon ya daɗe da daina ƙera ta, kuma ka tabbatar tana karɓar wutar Gana mai bolt 230.