Tambayoyinku: ƙananan gilasai masu shan haske na kyamarar renjifainda

Yawancin saƙonnin da ke shigowa wannan fili na waya ne da kwamfuta: batir ya kumbura, ma'aji ya cika, an manta kalmar sirri. A 'yan makonnin nan kuwa tambayoyi sun taru a kan gilasan kyamara da ake saitawa da hannu har hoto ya fito garau, irin na kyamarar renjifainda, wato kyamarar da ke auna nisa ta wata 'yar taga ta daban ba ta cikin gilashin da zai ɗauki hoton ba. Na tattara su wuri guda.

Malam, na ga gilashin renjifainda mai lamba 35mm f/1.4 bai fi ƙwan kaza girma ba, alhali nawa na DSLR mai wannan lambar ya cika hannu. Ko lambar ce ta ƙarya?

Lambar gaskiya ce, ɗan'uwa. Bambancin daga jikin kyamarar yake. A cikin DSLR, wato kyamarar da ake leƙawa ta cikin gilashinta, akwai madubi da ke ɗagawa sama duk lokacin da ka danna, dole a bar masa wurin motsi. Shi ya sa daga bakin Nikon F zuwa fim ko sensa akwai milimita 46.5, a Canon EF kuma 44. Leica M, wadda ta fito da M3 a 1954, ba ta da madubi, tazararta milimita 27.8 ce kawai. Gilashi mai ɗaukar fili kamar 35mm yana son ya zauna kusa da fim. A DSLR madubi ya tare wurin, sai masu ƙira su ƙara manyan fallayen gilashi a gaba don su tura hoton baya. A renjifainda ba a buƙatar wannan dabarar sosai. Ga shi babu ɗan inji mai juya saiti, babu na'urar hana rawar hannu, daga ƙarfe sai gilashi. Nokton Classic 35mm f/1.4 na Voigtländer, wanda kamfanin Cosina ke yi a Japan, nauyinsa wajen giram 200 ne. Sigma Art mai wannan lamba na DSLR giram 665.

Sai dai ƙanƙantar ba kyauta ba ce. Wannan ƙarin nauyi na Sigma gyara ne: yana kashe hazon da ke bayyana idan an buɗe ƙofar haske gaba ɗaya (ramin da ke cikin gilashi, wanda ke ƙara faɗi yayin da lambar f ke raguwa), yana gyara kusurwoyi. Ƙaramin gilashi a f/1.4 zai ba ka tsakiya mai kyau, gefe mai laushi da duhu-duhu, fitilun dare a kusurwa su yi fiffike kamar tsuntsaye. Tsohon Summilux 35mm na Leica na 1961, ƙirar Walter Mandler, har suna ya yi da wani ƙyalli da yake zubawa a kan duk abu mai haske. Wasu saboda ƙyallin suke nemansa, wasu kuma saboda shi suke sayarwa.

Yallaɓai, ina ɗaukar hoto da dare ne. Ba gara in tara kuɗi in sayi 50mm f/0.95 in huta ba?

Kafin ka fara tari, bari mu leƙa cikin kyamarar. A bayan kowane gilashin M akwai wani zobe da ke matsowa ko ja da baya yayin da kake murɗa saiti. A saman bakin kyamarar daga ciki akwai ɗan hannu mai ƙaramar taya a ƙarshensa, tayar tana jingine da zoben nan. Zobe ya motsa, hannu ya motsa, hoto na biyu da ke tsakiyar tagar leƙe ya matsa gefe. Idan hotuna biyun sun hau kan juna sun zama ɗaya, ka saita. Ka lura, a duk wannan aikin ba ka ga abin da gilashin kansa yake gani ba. Amana ce kawai tsakanin zobe da taya da idonka.

Ingancin wannan awo ya dogara da nisan da ke tsakanin tagar leƙe da 'yar tagar auna nisa, a ninka shi da girman da taga take nuna abu. A M3 lissafin yana ba da kusan milimita 62, a M6 mai tagar 0.72 kusan 50, a Bessa R ta Voigtländer kusan 26, a ƙaramar Leica CL ta 1973 bai kai 19 ba. Yanzu ga ɗaya ɓangaren: da 50mm a f/1.4, mutum yana tsaye mita ɗaya daga gare ka, zurfin wurin da zai fito garau kusan santimita 3 ne. A f/0.95 kusan 2. Numfashi ka ja ka ɗan rankwafa, saitin ya tashi daga ido ya koma kunne. Wanda ya ɗora irin wannan gilashi a kan CL ko Bessa caca yake yi da kowane hoto.

Sannan maganar girma. Lambar f rabo ce: tsawon gilashi a raba da faɗin ƙofar haske. 50 a raba da 0.95 ya ba da milimita 52 da ɗoriya, kuma babu dabarar da za ta rage wannan. Noctilux f/0.95 na Leica na 2008 nauyinsa giram 700 ne, yana kuma tare wani yanki babba na kusurwar dama ta ƙasa a tagar leƙe, sai ka riƙa kintatar abin da ke wurin. Ka sayi renjifainda don ta shige ƙaramar jaka, ka dawo kana ɗauke da dutse a wuya.

Abin da za ka samu a madadin duk wannan: haske ninki biyu da 'yan kai a kan f/1.4. A zamanin fim, lokacin da Canon ta fitar da nata f/0.95 a 1961, wannan babbar riba ce. Yau da sensa ke ɗaukar ISO 3200 (lambar da ake ɗagawa idan haske ya yi ƙaranci) ba tare da ta damu ba, ni ban ga dalili ba sai in kamannin hoton kake so. Shawarata 35mm f/1.4: ƙofarsa milimita 25 ce kacal, zurfin saitinsa a mita ɗaya ya haura santimita 6, kuma ya fi haƙuri da rawar hannu.

Malam, na sayi C Sonnar 50mm f/1.5 na Zeiss sabo fil. A f/1.5 ido yana fitowa garau, a f/2.8 sai saitin ya koma baya. In mayar musu?

'Yar'uwa, kada ki mayar. Ba lalacewa ba ce, halinsa ne, kuma tsohon hali. Asalin ƙirar Sonnar f/1.5 ta Ludwig Bertele ce, ta fito a 1932 don kyamarar Contax. A lokacin ba a fara shafa wa gilashi sinadarin hana ƙyalli ba, sai ya manne fallaye bakwai ya mayar da su rukuni uku don haske ya rage tarwatsewa. Ya samu gilashi gajere mai shan haske, amma da saura: hasken da ya bi ta gefen gilashi da wanda ya bi ta tsakiya ba sa haɗuwa a wuri ɗaya. Idan ƙofa a buɗe take, hasken gefe ne ke da rinjaye. Kina rage ƙofa kin toshe gefen, tsakiya ta karɓi mulki, wurin saiti ya ja baya. Ita kuwa tayar nan da na ambata ba ta san kin taɓa ƙofa ba, nisa ɗaya take nuna miki. Dole mai ƙira ya zaɓi lamba ɗaya da zai daidaita zoben a kanta, kuma daga bayaninki naki a f/1.5 aka daidaita shi.

Ki gwada da kanki, gani ya kori ji. Ɗora kyamara a kan ƙafa uku, ki jingina rula a karkace a kan littattafai kamar mita ɗaya daga gare ki, ki manna ɗan baƙin tef a kan lambar 15. Saita a kan tef ɗin sau ɗaya, kada ki sake taɓa zoben saiti. Ɗauki hoto a f/1.5, f/2, f/2.8, f/4, f/5.6. Ki buɗe su a kwamfuta ki duba lambar da ta fi fitowa a kowanne. Za ki ga tsaftar tana tafiya baya, tana barin 15 tana hawa sama, har zuwa wajen f/5.6 inda zurfin saiti ya faɗaɗa ya sake haɗiye tef ɗin. Da kin ga santimita nawa ne, magani ya zo da sauƙi: a f/2.8 ki saita a kan ido sannan ki ɗan ja jikinki baya daidai wannan gwargwado, ko ki saita a kan ƙarshen hanci. Da nisa, bayan 'yan mitoci, matsalar ba ta cika damun kowa ba.

Nokton 35mm f/1.4 na farko, na 2008, shi ma yana da wannan ɗabi'a, an rage ta a na biyu da ya fito a 2019. Gilasai masu rukunin fallaye da ke motsi daban, kamar Summilux 35mm na 2010, sun fi kowa shawo kanta, amma sun fi girma da tsada. In kuwa hakan zai riƙa ɓata miki rai, 50mm f/2 irin Planar ko Summicron ba ya wannan wasan yadda za ki lura.

Zan iya ɗora su a kan Sony ko Nikon Z da adafta?

Ƙwarai. Tazarar Sony E milimita 18 ce, ta Nikon Z 16, ta Fujifilm X 17.7, duk sun gaza 27.8, don haka adafta bututun ƙarfe ne kawai da ke cike giɓin. Kuma nan matsalar tambayar da ta gabata ta kau, domin ta cikin gilashin kake gani, a ƙofar da za ka ɗauka. Akwai ma adafta mai murɗawa da ke ba ka damar matsowa kusa fiye da santimita 70, iyakar da ma'aunin M ya saba tsayawa.

Inda ake shan mamaki kusurwoyi ne. A gaban kowace sensa akwai falle na kariya, kuma na yawancin waɗannan kyamarori ya fi na Leica kauri. Gilashi mai ɗaukar fili da ke zaune dab da sensa yana jefa haske a karkace, hasken ya ratsa kaurin nan ya baje. Sakamako: gefe ya dushe kamar an shafa da yatsa, wani lokaci da launin shunayya. Daga 50mm zuwa sama da wuya ka gani. A 35mm ya danganta da ƙira. A 28mm da 21mm ka gwada a kan kyamararka kafin ka biya. A Fujifilm X sensa ƙarama ce, tana yanke gefen, amma 35mm ɗinka zai koma kamar 52mm.

Na sa Nokton 40mm f/1.4 a kan M6, sai layukan 50mm suka fito a taga.

Haka yake yi. Layukan nan su ke nuna iyakar abin da zai shiga hoto, kuma M6 ba ta da na 40mm. Hotonka zai fi abin da layukan suka nuna faɗi, ka saba da barin wannan a ranka. Masu layukan 40 su ne Leica CL, Minolta CLE da Bessa R3. Wasu suna goge ɗan kunnen ƙarfe a bakin gilashin don layukan 35mm su fito, amma abin da aka goge ba ya dawowa. Gilashin kansa, giram 175 da filta mai milimita 43, yana cikin waɗanda na fi so.

Baba ya bar mini Jupiter-3. Zai yi aiki a Leica?

Allah ya jiƙan Baba. Jupiter-3 kwafin Sonnar f/1.5 ne da aka yi a Tarayyar Sobiyat. Idan mai zare ne irin M39, ɗan zobe mai kaurin milimita 1 zai ɗora shi a kan M, tunda tazarar M39 milimita 28.8 ce. Amma an gina shi a kan ma'aunin Contax, mai tsawon milimita 52 da ɗoriya, Leica kuwa 51.6 take lissafi da shi. Da nisa ba komai, da kusa a f/1.5 saiti zai faɗa bayan abin da ka nufa. Mai gyaran da ya san aikin yana daidaita shi da siraran zobba.

Kafin nan, shiga ɗaki mai duhu, buɗe ƙofar gaba ɗaya, ka haska tocilar waya ta baya kana kallo ta gaba a karkace. 'Yar ƙura ba ta hana komai. Zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, farin hazo kuma yana kashe armashin hoto. Duba fallayen ƙofa ko mai ya malalo musu, sannan ka murɗa saiti daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko yana cijewa.

Me ya sa kowane hoto a sabon fim ɗina yake da farin tabo a wuri ɗaya?

Cire gilashin, buɗe bayan kyamara, ɗaga ta wajen fitila ka duba labulen da ke rufe fim har sai ka danna, kafin ka ja fim da bayan ka ja, don labule biyu ne. Ina kyautata zaton za ka ga ɗan ramin allura. Labulen Leica ta fim na yadi ne mai roba, kuma babu madubin da zai tsare shi. Gilashi mai f/1.4 a buɗe, an saita shi a nesa, yana fuskantar rana, daidai yake da gilashin da yara ke ƙona takarda da shi, kuma daƙiƙoƙi kaɗan sun isa. Ni ma na taɓa yi: na ajiye tawa a kan tebur fuskarta sama na juya ina magana, sai da aka wanke fim na ga tabo a hoto 20 na ƙarshe. Ƙaramin rami ana ɗiga masa baƙar roba ta ruwa, babba sai an canza labule.

Daga yau, in kana yawo da rana ka bar ƙofa a f/11 ko f/16, ko ka sa murfi. Dama labulen nan 1/1000 ne iyakar saurinsa, wanda da fim mai ISO 100 a tsakar rana bai ba ka damar buɗe ƙofa fiye da f/5.6 ba, sai da baƙar filta mai rage haske. In ka zaɓi murfi, ka riƙa shafa gaban gilashin da yatsa kafin ka danna, domin tagar leƙe za ta nuna maka komai tangaran ko da murfin yana kai.